Ranar da Na Kai wa Baffa Gonarsa Har Ɗaki

Shekarun baya, lokacin da na mallaki ɗan jirgin nan na ɗaukar hoto mara matuƙi, kaina ya yi girman da hula ba ta zama. Ina da ɗan shagon hoto a Gumel, aikina bai wuce fasfo da biki da walimar sauka ba, sai ga ni da abin da ke tashi sama. Na hannu ne. Wani abokina da ke harkar waya tsakanin Kano da Maigatari ya samo min shi, da batir biyu da jakar da zif ɗinta ya mutu. Amma a idona sabo ne fil. Satin farko ko cefane zan fita sai na rataya jakar, har matata ta ce, "Maigida, in dai ba jirgin ne zai ɗauko mana tumatirin ba, ka bar shi ya huta mana."

Cikin abubuwan da jirgin ya iya, akwai wanda ya fi tafiya da hankalina. Za ka tashe shi ka kai shi wurare uku ko huɗu a sama, kowane wuri ka saita inda kake so kyamara ta kalla, ka danna ya riƙe. Ni zango nake kiran wuraren nan. In ka gama sai ka sake shi, ya riƙa bin zangon ɗaya bayan ɗaya a hankali kamar hawainiya, yana ɗaukar hoto guda duk bayan 'yan daƙiƙu. A ƙarshe ya haɗa hotunan su zama bidiyo, abin da ya faru cikin minti goma sha biyar ka gan shi cikin daƙiƙa goma sha biyu. Gajimare na gudu, inuwar bishiya na tafiya, mutane na kai da kawo kamar tururuwa. Ranar da na fara ganin irinsa sai da tsigar jikina ta tashi.

Na fara gwadawa a gonar riɗin wani abokina a Gagarawa. Ina cikin saita zango sai wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fito a wayar da nake sarrafa jirgin da ita, da Turanci, yana cewa juyawar kyamara ta yi yawa tsakanin wannan zango da wancan. Na karanta. Kowace kalma na san ta, amma ban tsaya na tambayi kaina me ake nufi ba. Na ɗauka irin surutun nan ne na na'ura wanda ake dannewa a wuce, na kuwa danne na wuce. Bidiyon ya fito yana wani fizge-fizge. Na ce iska ce.

"Iska?" in ji abokina. "Yau ko ganye bai motsa ba."

"Iskar sama daban ce da ta ƙasa," na ce masa da muryar masana. Har ni kaina na yarda da ƙaryata.

A daminar shekarar ne ciwo ya kwantar da Baffana, yayan mahaifina, wanda a hannunsa na tashi a wani ƙauye gefen Sule Tankarkar. Manomi ne na gaske, irin waɗanda rana ba ta taɓa riga su zuwa gona ba. Ya gama shuka ke nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. 'Ya'yansa maza biyu suna kudu wajen nema. Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi, har ta fara fin sa tsayi. Sai mutanen gari suka yanke shawarar za a yi masa gayya ranar Asabar.

Na je duba shi ana saura kwana biyu. Inna, matarsa, ta tare ni a tsakar gida ta ce abinci sai an yi da gaske yake karɓar loma biyu, magana kuma ya daina sai dole. Na shiga na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin gayyar da zaton zai yi murna.

"Gayya?" ya ce, maganar na fita da ƙyar ta gefen baki. "Yanzu wa ke zuwa gayya? Kowa na kan babur yana neman na kansa. Mutum biyar za su je su yi ɗan karce-karce saboda kunya, su zo su ce min an gama."

"To Baffa, a kai ka a amalanke ka gani da idonka mana."

"A loda ni kamar buhun gero, a kai ni gonar da na sare da hannuna? Allah ya kiyaye."

Ban san lokacin da bakina ya riga hankalina ba. Na ce, "Shi ke nan Baffa, ni zan kawo maka gonar har ɗakin nan. Za ka ga kowa da kowa, daga farkon kunya har ƙarshenta."

Ya kalli jakar da ke kafaɗata, ya kau da kai. Da na fito, Inna ta biyo ni zaure ta ce, "Kai dai ɗan nan, ka san halin Baffanka. In ka ce za ka kawo, to ka kawo."

Ranar Asabar ina idar da sallar asuba na hau babur. Tun kafin in isa gonar na fara jiyo gangar noma, da na sha kwanar ƙarshe kuwa sai da na taka birki na tsaya ina kallo. Mutane ne reras, sun ja layi tun daga wannan iyaka har waccan, samari da magidanta har da masu furfura, kowa da hauyarsa mai doguwar ƙota irin ta ƙasarmu ta yashi. Mai ganga na gindin wani gawo yana zuba wa mazaje kirari. Mata na tahowa a jere da ƙoren fura a ka. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ni ake kaɗa wa gangar. Na ce a raina, yau Baffa zai ga abin da bai taɓa gani ba, kuma ni ne zan nuna masa.

Da na tashi jirgin, aiki ya tsaya cak na ɗan lokaci, kowa ya ɗaga kai. Wani ya ce shirwa ce, wani ya ce a'a, wannan kukan na zanzaro ne. Sarkin samari, wanda shi ke jagorantar gayyar, ya daka tsawa: "Ku bar wa mai hoto tsuntsunsa, ku kama aiki!" Aka kwashe da dariya aka duƙufa.

Ni kuwa zumuɗi ya ɗebe ni, komai so nake ya shiga. Zango na farko na sa jirgin ƙasa-ƙasa yana kallon fuskokin manoma. Na biyu na cilla shi can sama, kyamara na kallon ƙasa tsaye. Na uku na juya shi baya gaba ɗaya ya kalli mai ganga da gawonsa. Na huɗu na sake karkata shi ya hango rufin gidajen gari, don Baffa ya ga har gidansa. Rubutun nan mai ruwan ɗorawa ya fito sau uku. Sau uku ina danne shi kamar mai korar ƙuda. Na saki jirgin, na harɗe hannu a ƙirji, ina jin kaina kamar matuƙin jirgin alhazai.

Jirgin ya gama ya sauko daidai lokacin da aka tsaya shan fura. Fiye da rabin gonar an nome. Mutane suka yanyame ni, kowa na leƙo wayar ta kafaɗar wani. Na ce, "Ku matso ku ga ikon Allah," na danna.

Manoma sun bayyana kamar ƙiftawar ido. Daga nan ƙasa ta yi wata irin wulwulawa, sai sama, sai gawo ya wuce a guje kamar an harbo shi, sai ga bayan wani jaki ya cika fuskar wayar, sai kuma rufin kwano, shi ke nan ya ƙare. Can wani dattijo ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya ce, "Riƙe ni, jiri nake ji." Wurin ya ɓarke da dariya, har da masu faɗuwa a kan kunya. Mai jakin ya ce a tura masa, tunda dabbarsa ce ta fi kowa fitowa.

Na yi yaƙe kawai. Batir ɗaya ya rage min, garin babu wuta, gayya kuma ba a maimaita ta don mai hoto ya yi kuskure. Na tuna idon Baffa lokacin da ya kalli jakata ya kau da kai.

A nan ne girman kai ya sauka. Ina da maƙwabci a Gumel, ma'aikacin safiyo ne ɗan Filato, Kirista, ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa ta fi tawa karin magana. A wurin aikinsu da irin wannan jirgi suke auna filaye, manya ma. Tun da na sayi nawa yake cewa in kawo mu duba tare, ni kuma ina zillewa don kada a ce koya min aka yi. Na ruga neman inda waya za ta shiga, sai a kan wani suri na samu. Na hau na tsaya da ƙafa ɗaya da rabi, na kira shi.

"Oga, na shiga uku," na ce, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na zayyana masa komai a gurguje.

"Kwantar da hankalinka, maƙwabci. Karanta min abin da ya rubuta maka."

Na karanta masa. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"To ai gaskiya ya gaya maka. Zangon farko ina kyamara ke kallo?"

"Gaba, wajen mutane."

"Na biyu fa?"

"Ƙasa, tsaye."

"Na uku?"

"Baya, wajen mai ganga. Na huɗu kuma gari."

"Haba maƙwabci! Ko wuyan mutum ka yi wa haka ai sai an kai shi wurin mai ɗori. Saurara. Kai a ƙasa kana ganin jirgin na juyawa a hankali, ya ɗauki minti biyar kafin ya waiwaya. Amma minti biyar ɗin nan a bidiyonka daƙiƙa huɗu ce kacal. Da ka gaggauta lokaci, har da waiwayen ka gaggauta. Abin da rubutun ke faɗa maka ke nan, ba lalacewa ya yi ba. Magani biyu ne: ko ka ƙara masa lokaci ya juya a natse, ko ka rage juyin."

"Batir ɗaya gare ni, Oga."

"To lokaci ba naka ba ne, sai ka rage juyi. Tsohon nan me yake so ya gani?"

"Gonarsa, da mutanen da suka zo."

"To gawo da rufin gari na mene ne? Ka zaɓi abu ɗaya ka kalla. Jirgi ya yi tafiya, kyamara ta zauna. In rubutun ya sake fitowa kada ka danne shi, ka koma zangon ka ɗan gyara fuskar kyamarar har ya ɓace da kansa. In ya ɓace, ka yi daidai. Yi maza, Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe min da Baba."

Wallahi ji na yi kamar an kunna fitila a cikin kaina. Abin da na yi wata biyu ina dannewa, ashe magana ce mai sauƙi haka. Na diro daga kan surin na nufi sarkin samari da gudu, don har an fara miƙewa ana ɗaukar hauya.

"Ranka ya daɗe, minti biyar nake roƙo kafin a fara."

Ya nuna min gabas da haɓa. Hadari ne ya fara haɗowa, baƙi ƙirin a ƙasa, fari a sama.

"Minti biyar na agogo, ko naku na 'yan birni?"

"Na agogo, wallahi."

"To ka ji. In ruwan nan ya riga mu, kai za ka ƙarasa noman da tsuntsunka."

Na sa batir na ƙarshe. Wannan karon zango uku kawai na yi, duk a gefe ɗaya na gonar, ta bayan manoma, kyamara na kallon gabas inda sauran ciyawar take. Na farko a ƙasa kaɗan. Na biyu na matsa gaba na ɗan ƙara tsayi, ban taɓa fuskar kyamara ba. Babu rubutu. Na uku na ƙara gaba, sai son zuciya ya sa na ɗan karkata ta don gawon nan ya shigo ko da gefe ne. Nan take rubutun ya fito. Yatsana har ya tafi zai danne shi don sabo, na janye. Na mayar da kyamarar kaɗan. Yana nan. Na ƙara mayarwa kaɗan, na ɗan ɗaga ta sama. Sai kawai ya ɓace.

"Ya tafi!" na ƙwala ihu, ni kaɗai na san abin da ya tafi. "Sarki, bismillah!"

Mai ganga ya saki kiɗa, layi ya motsa. Ban taɓa ganin minti goma sha biyar masu tsawo irin waɗannan ba. Ido ɗaya na kan manoma, ɗaya na kan alamar batir da ke raguwa. Iskar hadari ta fara kaɗawa, jirgin na ɗan tangaɗi yana gyara tsayuwa, ni kuma ina ƙasa ina tangaɗi tare da shi, duk addu'ar da na iya sai da na karanto ta. Su kuwa mazaje da suka ga hadari sai suka ƙara wuta, ƙura na tashi, kirari na tashi, mata na guɗa daga bakin gona. Wayar ta fara kukan batir ya kusa ƙarewa daidai lokacin da na gaba-gaba suka kai iyaka. Jirgin ya ɗauki hotonsa na ƙarshe, na sauko da shi a guje, ya dira kan yashi. Ɗigon farko na ruwa ya faɗo min a wuya.

Wannan karon ban kira kowa ba. Na juya baya na rufe wayar da hula na kalla ni kaɗai. Da ya ƙare sai na tsinci kaina ina tsalle a tsakiyar gona kamar wanda aka yi wa bushara da kujerar Makka.

A jiƙe sharkaf na isa gida. Inna ta tayar da Baffa ta jingina shi da bango, na durƙusa na riƙe masa wayar. Ga gonarsa shimfiɗe, kore shar da ciyawa. Ga layin mutane ya taso kamar igiyar ruwa, yana cinye ciyawar yana barin jar ƙasa da layukan gero tsaf a bayansa. Ga hadari a sama yana tafasa yana tahowa. Komai a natse, babu fizga ko ɗaya.

Ya ƙare. Ruwa na dukan kwano.

"Sake," ya ce.

Na sake. Ya ce in kuma. A karo na huɗu ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Tsayar nan." Ya matso da fuska. Leɓensa na motsi, ashe ƙirga mutane yake yi. Da ya wuce arba'in sai ya bari. Ya sa yatsa a can ƙarshen layi, kan wani ɗan ɗigo da ni ban ma lura da shi ba.

"Wannan mai riƙe hauya da hagu, wane ne?"

Na ce ban sani ba. Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ai ka san ko wane ne. Bahago nawa ne a garin nan?"

Ashe maƙwabcin gonarsa ne, wani tsoho sa'ansa, wanda suka yi rigima a kan iyaka shekara bakwai da suka wuce, tun daga nan ba abin da ke haɗa su sai sallama a masallaci.

"Da tsufansa ya zo?" in ji Baffa.

"Shi ya fara zuwa ma," in ji Inna. "Haka matan da suka kai fura suka ce."

Hawaye suka bi gefen fuskar Baffa, bai share ba. Ni ma na sunkuyar da kai. Can sai ya ja hanci ya ce, "Duba min nan. Har yau bai iya noma ba, ga ciyawa ya bari a bayansa." Inna ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Ya harare ta ya ce, "To in kin gama, a dama min fura. In ruwa ya ɗauke kuma a aika a ce ina son ganinsa."

Bayan la'asar tsohon ya zo. Na bar su a ɗaki su biyu da wayata. Daga tsakar gida ina jiyo su suna musu a kan wanda ya fi iya riƙon hauya a zamaninsu. Daga baya wani ya tsegunta wa Baffa labarin bidiyon farko, ya ce lallai sai ya gani. Da jakin nan ya bayyana, Baffa ya yi dariyar da tun da ya kwanta ba a ji irinta ba, da rabin baki, har yana tari.

Da na koma Gumel na kai wa maƙwabcina damin rake da godiya. Ya ce raken ya karɓa, godiyar kuma in kai wa wanda ya rubuta gargaɗin, tunda shi ya fara gaya min sau uku ban ji ba.

Na sha tunanin abin daga baya. Ba rashin Turanci ne ya kusa kunyata ni ba, na karanta rubutun sarai. Na riga na yanke cewa na iya ne, don haka duk abin da ya ce min dakata sai na ɗauke shi surutu. Kuma so nake in nuna komai a lokaci guda, alhali mutumin da nake yi dominsa abu ɗaya tak yake son gani. Yanzu in zan ɗauki irin wannan aiki, kafin in tashi jirgi nakan tambayi mai shi abin da ya fi so ya gani, in sa kyamara a kansa, sauran in bar su su wuce.

Baffa ya ƙara shekara uku a duniya, har ya riƙa takawa da sanda, kafin Allah ya karɓi abinsa. Na yi ayyukan da suka fi wancan kyau nesa ba kusa ba, da jirgin da ya fi wancan tsada, amma babu wanda aka kalla kamarsa. Bayan rasuwar ne Inna ke ba ni labari cewa kusan kullum da hantsi sai ya ce ta kunna masa, a 'yar wayar da na saka musu shi.

"Ni da ko kira ban iya ba," ta ce, "saboda shi na koyi inda ake dannawa. Yanzu ma nakan kunna. Ba na gane kowa a ciki, ɗan nan, idona ya yi rauni. Amma na haddace inda yake cewa a tsayar, sai in tsayar."